Wace ƙara ce ta mawaƙa, wace ce ta ƙura?

Ƙananan ƙungiyoyin kiɗan rok masu cin gashin kansu a Amurka da Ingila har yau suna fitar da sabuwar waƙa a ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci 7, irin wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949. Waƙa ɗaya a kowace fuska, ba ta cika wuce minti huɗu da rabi ba. Masu salon lo-fai kuwa da gangan suke barin sautin da dattinsa. A ɗaki suke naɗa, sau da yawa da rikodar kaset mai layi huɗu irin Tascam Portastudio. Aikin mai saurare a Garwa ko Marwa, can arewacin Kamaru, shi ne ya raba wannan datti da wanda ƙura da zafi da wutarmu suka ƙara.

Ka kasa kunne tun allura na bakin faifai, kafin kiɗa ya shigo. In "shuuu" ɗin ya taso tare da waƙar, ya ɗauke tare da ita, na kaset ne, haka mawaƙan suka so. In ƙas-ƙas ne barkatai tun daga baki, ƙura ce a cikin tsagin da allura ke bi, kuma da hunturu abin ya fi muni, don bushewar iska kan sa faifan ya riƙa jawo ƙura kamar mayen ƙarfe. In kuwa "tak" ɗin na dawowa a kan ƙa'ida, duk daƙiƙa ɗaya da sulusi, wato sau ɗaya a kowane juyi a gudun da aka saba na juyi 45 a minti, ƙarce ne, wanki ba ya maganinsa.

Ƙura dai da sauƙi. Tsumma mai laushi, ka ɗan jiƙa da tataccen ruwa irin na batir, marar asid, ka bi tsagin a zagaye, ka bari ya bushe sarai. Ruwan rijiya na barin kanwa.

Inda ake yawan ɗora wa mawaƙa laifin da ba nasu ba shi ne wajen gudu. Wutar Kamaru da Chadi bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60. Tsohon garmahon Amurka da injinsa ke bin bugun wuta zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, juyi 45 a minti ya koma 37 da rabi, muryar mawaƙi ta yi kauri kamar wanda aka tasa daga barci. Taransifoma ƙarfin wuta kawai take saukewa daga 220, ba ruwanta da bugu. Irin wannan inji a kan ƙaramin janareta kuma, sautin lilo zai riƙa yi. Amma ka duba takardar tsakiya tukuna, don wasu ƙungiyoyin a gudun juyi 33 a minti suke yanka ƙaramin faifai, su samu wurin cusa waƙa ta uku.

Sauti siriri marar ganga, ba lo-fai ba ne. An rage ƙasan sauti tun wurin yanka, sai an bi ta kafar da aka rubuta wa PHONO a amfilifaya yake dawowa. Nauyin allura galibi giram biyu ne ko kusa da haka. Masu ɗora kwabo a kanta don kada ta yi tsalle, tsagin suke cinyewa.

Sai zafi. Robar faifai kan fara laushi wajen digiri 60, kuma mota a rufe a ranar Afrilu a Injamena tana kaiwa nan. A ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, nesa da taga da kwanon rufi, kada a jibge wani kan wani. Wanda ya riga ya lanƙwashe da wuya ya miƙe.