Rana ta 23: alamar & ta kusa hana ni barci

'Yan uwa masu koyo, kwana biyu na yi ina fama da abu guda. Na rubuta ɗan fankshin (gungun umarni da ake kira da suna ya yi wani aiki) a harshen kwamfuta na C++ na sa masa suna musanya, aikinsa kawai ya sauya lambobi biyu: x na riƙe da 3, y na riƙe da 8. A cikin fankshin ɗin na buga su, sai ga 8 da 3, na ce alhamdu lillahi. Da na dawo main, wato babban fankshin da ya kira shi, na sake bugawa, 3 da 8 na nan daram, ko gezau. Har na fara zargin kwamfutar.

Ashe laifin nawa ne. Tunda int a da int b na rubuta a matsayin ma'ajiyan da za su karɓi x da y, kwafi fankshin ya karɓa. Kamar ka ba mutum hoton takardarka ne ya yi ta gyare-gyare a kai, alhali ta asali na aljihunka. Fankshin na gama aiki, kwafin ya tafi da gyaran gaba ɗaya.

Maganin bai wuce alama ɗaya ba: int &a da int &b. Yanzu a ba sabon ma'aji ba ne, laƙabin x ne kawai, shi ake kira refarens. Ka kira Audu, Abdullahi ne zai amsa. Ban yarda ba sai da na buga &x a main, na buga &a a cikin fankshin, adireshi ɗaya ya fito sak (a nan alamar adireshin ma'aji take nunawa). Ku gwada wannan da hannunku, ya fi dogon bayani shiga kai.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Bell Labs wajen 1972, ba shi da wannan. Kome kwafinsa yake miƙawa, sai dai ka tura adireshi ta foyinta (ma'ajin da ke riƙe adireshin wani) ka riƙa rubuta *a. Bjarne Stroustrup ne ya kawo refarens a C++. Ni dai ya fi kwanta mini a rai, domin dole ka ɗaura shi a kan wani ma'aji tun farko, kuma ba ya sauya gida daga baya.

Inda ya fi burge ni shi ne manyan bayanai. Jerin lambobi miliyan ɗaya irin na vector, kowace bayit 4, wajen megabayit 4 ke nan za a kwafa a duk kira. Da const (kalmar da ke hana canji) da & babu kwafi, kuma fankshin ba shi da ikon ɓata maka asali.

Masu Python kuma, ku yi hattara: append (ƙara abu a jeri) a cikin fankshin na taɓa jerin da ke waje, amma in ka ɗora wa sunan sabon jeri da =, na wajen ba ruwansa.

Daren jiya na yi gangancin mayar da refarens na ma'ajin da aka haifa cikin fankshin, wanda ya mutu da fitarsa. Kwamfaila, manhajar da ke fassara wa kwamfuta abin da na rubuta, ta yi gargaɗi, na yi kunnen uwar shegu, shirme ya fito. A nan zan ɗora gobe.