Abinda tsohuwar motar kwana 'yar Jamus ta koya min

Sana'ata haɗa sola ce, kuma yawancin aikin ba a cikin garin Bauchi yake ba, yau kana Alkaleri gobe Kirfi jibi an kira ka Darazo, wani ƙauyen ko masauki babu sai dai a shimfiɗa maka tabarma a zauren mai gari. Shi yasa da na ga wata tsohuwar Volkswagen T4 'yar Kwatano, irin wacce turawa ke maida cikinta ɗaki da gado da wurin girki, ban yi dogon tunani ba na saya. Irin wannan samfurin daga 1990 zuwa 2003 aka yi su, tawa mai injin dizal ce 2.4 mai silinda biyar, kaga ba yarinya bace.

Babban abinda na gane a kanta shine duk wanda ya haɗa motar nan sanyi yake gudu, mu kuma zafi da ƙura ne ke cin mu. To amma ba komai da aka saka don ƙasar sanyi bane abin cirewa, kuma nan ne mutane ke ɓata irin motocin nan, kowa ya zo sai yace "ai wannan na turai ne oga, a cire". Wani abin gaskiya ne a cire, wani kuma in ka cire ka kashe motar.

Hita mai aiki da dizal da ke ƙarƙashin kujera kam na cire, ko sanyin Disamba na Bauchi bargo biyu ya gama da shi, wurin na maida shi ma'ajiyar batir. Soket ɗinsu masu rami biyu zagaye suma na canza zuwa namu mai baki uku, wutar dai ɗaya ce 230 kan fulogin ne ya bambanta. Amma soson da suka cusa tsakanin ƙarfen jiki da katakon ciki, wanda wani fanal bita ya rantse min shi ke riƙe zafi, na bar abina. Abinda ke hana ɗumi fita a Jamus shine ke hana zafin rufi shigowa a watan Afrilu lokacin da Bauchi ke taɓa digiri 40. Abinda ya rage kawai hanyar da iska zata bi, sai na sa fanka mai jan iska waje a rufi, na buɗe ƙaramar kafa a ƙasa da ragar sauro, na kuma yi wa rufin farin fenti. Wallahi farin fentin nan kaɗai bambancin da ya kawo ya fi kuɗinsa.

Sai maganar tamostat, wacce har yau muna musu da makanikai a kanta. Kusan duk motar da ta sauka daga Kwatano abu na farko da ake yi mata shine a zare tamostat a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta dinga juyawa ba tsayawa, wai don kar ta yi zafi. Tamostat ɗin nan ba don ƙanƙara aka saka ta ba, aikinta ta riƙe injin a zafin da ya dace, tana buɗewa wajen digiri 87 ruwa ya wuce lagireto. In babu ita injin ya daɗe bai ɗau zafi ba, ya sha mai da yawa ya ci kansa a hankali, kuma a wasu injinan ma ruwan sai ya dinga bin gajeriyar hanya yana zagaye cikin injin bai shiga lagireto sosai ba, kaga an gudu ba a tsira ba. Motar da ke zafi akwai dalilinta, ko lagireto ya toshe, ko murfin tankin ruwa baya riƙe iska, ko suwicin fanka ya mutu. Nawa lagireton ƙura ce da ciyayi suka liƙe tsakanin haƙoransa, wanki kawai yake so. Kuma don Allah a daina ɗura ruwan rijiya ko na bohol zalla, kulant ba wai hana daskarewa kaɗai yake ba, yana hana tsatsa yana kuma sa ruwan ya jure zafi kafin ya tafasa, ruwan bohol kuwa farin gishiri yake bari a bututu kamar gindin tsohuwar butar shayi.

Wani makanike dattijo da nake kai wa abinda ya fi ƙarfina, shi ya ce min "ɗana kafin ka sayi labule ka canza bel ɗin taimin". Ya yi gaskiya. A injin nan in bel ɗin ya tsinke fistin ke haɗuwa da bawul, aikin ya koma na sauke kan inji, kuma famfon ruwa a kan bel ɗin yake don haka tare ake canza su. Ba ka san yaushe baturen ya canza na ƙarshe ba, takardar da ke liƙe a jiki ma da Jamusanci take.

Taya ma akwai yaudara. Motar kwana bata cika tafiya ba, rabin shekara a ajiye take, sai ka ga zanen taya ɓul kamar sabuwa alhali roba ta tsufa. A gefen kowace taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 3512 sati na 35 kenan a 2012. Wannan lambar 'yan Road Safety ke dubawa. Taya irin haka a kwaltar Bauchi zuwa Gombe da tsakar rana ba abin wasa bane. Kuma a sayi mai harafin C a jikin lambarta, ta ɗaukar kaya, don gado da katako da batir da ruwa nauyi ne, ruwa kaɗai kowace lita kilo ɗaya ce.

Ɓangaren wuta ne na ɗauka zai zo min da sauƙi tunda sana'ata ce, sai na tarar gida daban mota daban. Gida baya girgiza. Wayar gida mai silli ɗaya in ka ja ta a mota hanya ce zata karya ta a hankali, dole sai mai silli da yawa mai laushi, kuma duk inda ta ratsa ƙarfe sai ka sa mata roba a bakin ramin in ba haka ba ƙarfen ya yanke rigarta wata rana ka ji ƙauri. Lissafin kuma bashi da wuya, abu mai wat 120 a wutar gida rabin amfiya yake ja, a 12 bolt kuwa amfiya 10, shi yasa siririyar waya ke ɗumi. Fiyus kusa da kan batir ake sa shi ba can kusa da fitila ba, don wayar yake karewa. Na ga rewaya da yawa suna naɗa silin waya a madadin fiyus, a motar da mutum zai kwana ciki da tukunyar gas wannan ganganci ne.

Batir biyu na yi, na tada mota daban na ɗaki daban, da rile a tsakani wanda ke haɗa su in inji na aiki ya raba su in an kashe, don kar ka kwana da fanka ka tashi da asuba a bayan Dindima kana neman masu turi. Batir mai ruwa na 100Ah rabinsa ne naka in kana so ya daɗe bai lalace ba, wato wajen wat 600 na awa ɗaya, fanka da fitila da cajin waya ya ishe su amma banda ayan ko hita ta ruwa. Farantin sola a rufi kuma lokacin hunturu kullum sai ka goge shi, ƙurar kwana biyu ta isa ta rage caji ka ɗauka kontirola ce ta lalace. Wajen ɗaure shi a guji silikon na banɗaki, damina na zuwa ruwa ya bi ramin kusa ya sauka kan katifa, gam ɗin polyurethane irin Sikaflex shi ke jurewa.

Firjin da ya zo da ita ya ban haushi sosai. Irin wanda bashi da kwamfureso ne, da zafi yake yin sanyi, yana aiki da gas ko wutar gida ko batir, a batir yana jan amfiya kusan goma ba hutawa, yana so mota ta tsaya daidai ba karkace ba, sannan da zarar gari ya haura digiri talatin da wani abu sai ya koma kabad. A ƙasarsu lafiya lau yake. Na sa ƙarami mai kwamfureso na 12 bolt, yana yi yana hutawa, ruwa na sanyi ko a Alkaleri.

Gas kuma na bi shi a hankali, tsofaffin motocin Jamus da yawa murhunsu a matsin 50 mbar yake, regileton da muke saya a kasuwa kusan 30 ne, kan silindar ma ba ɗaya ba, kar ka yi dabarar ɗaure tiyo da roba. Na cire tsarin gaba ɗaya na sa ƙaramin murhu da nake fitarwa waje in zan dafa indomi ko shayi, ba na girki a rufe kuma ba na kwana da wuta a kunne, hayaƙin da ke kashe mutum a irin wurin nan bashi da wari.

Kayan gyara in an rasa a Bauchi sai a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, amma ka ɗau hoton lambar da ke jikin tsohon ka tura, kar ka ce "na T4" kawai don injinan sun kasu kala kala. Yanzu abinda ya rage min tsatsar ƙasan gilashin gaba ce da robar ƙofar gefe da ke shigo da ƙura, mai walda ya ce sai an cire gilashin gaba ɗaya, ni kuma ina jira sai na samu sabuwar robar gilashin a hannu tukunna don tsohuwar in ta fita ba zata koma ba.