Ga Matasan Malaman Tarihi: Ku Bar Lugga a Jerin Karatu

Wani matashin malami a sashenmu ya nuna mini jerin littattafan da zai ba 'yan aji uku a kwas ɗin tarihin daular Birtaniya, na duba ban ga ko shafi ɗaya da Turawan mulkin mallaka suka rubuta da hannunsu ba. Irin jerin da na tsara ke nan sa'ad da na fara koyarwa.

Na sa littafin Walter Rodney na 1972, How Europe Underdeveloped Africa, mai sukar mulkin mallaka, a gaba, na jera masu ra'ayinsa a baya, na cire The Dual Mandate na Gwamna Lugga na 1922, domin a ganina karanta shi girmama shi ne. Ina da uzuri, kuma har yanzu ban janye shi duka ba: an daɗe ana koya mana cin Sakkwato a 1903 da kisan Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi kamar wani gyara aka zo yi mana, sannan bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 littafi ya yi tsada, kwafi ɗaya ake zagayawa da shi har bangonsa ya fita. Sai dai uzurin bai hana ɓarna ba. Ɗalibaina sun ƙware wajen la'antar Razdan da Joji, wato jami'an mulkin Turawa, amma in an tambaye su yadda ake raba kuɗin haraji tsakanin baitulmali da gwamnati, ko dalilin da ya sa fadar Sakkwato ta mara wa Turawa baya a kan mutanen ƙauyen Satiru da suka yi bore a 1906, sai su yi shiru. Indiya kuwa ban taɓa ta ba, alhali a can Lugga ya yi aikin soja, kuma a can aka daɗe ana mulki ta hannun sarakuna.

Ku mayar da Lugga cikin jerin, ku tura ɗalibai ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna su karanta rahoton Razdan ɗaya da idonsu. Ku rage littattafan, domin ku 'yan zamani kuna tara su a waya ba ku wuce gabatarwa, sannan ku ɗora wa yara abin da ku kanku ba ku karanta ba. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. Amma boren Indiya na 1857, da kisan kiyashin da sojojin Birtaniya suka yi a garin Amritsar na Indiya a 1919, da sansanonin tsare 'yan Mau Mau masu yaƙar mulkin mallaka a Kenya, dole ne su shiga, ko da jerin zai ƙara tsawo.