Yadda Muka Kai Mutanen Unguwarmu Gidan Makama

An haife ni a cikin birnin Kano, a wata unguwa da ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi, kuma na shafe sama da shekara talatin ina wucewa ta gaban gidan tarihi na Gidan Makama ba tare da na taɓa sa ƙafata a zaurensa ba. A tunaninmu, mu 'yan cikin gari, wurin na baƙi ne: Turawa masu rataye da kyamara, da ɗaliban jami'a, da 'yan makarantar da ake kawowa a mota daga wasu jihohi. Abin da ya shigar da ni kuwa kunya ce. Ina koyarwa a firamare, wata rana wata yarinya 'yar aji biyar ta tambaye ni wanda ya gina ganuwar Kano, na amsa mata da cikakken ƙarfin gwiwa cewa Muhammadu Rumfa ne. Sai daga baya na gano cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashinta, Rumfa kuwa faɗaɗa ta ya yi bayan shekaru fiye da ɗari uku. Na koma aji na gyara amsata, ranar Asabar ɗin makon kuma na tafi gidan tarihin ni kaɗai.

Ginin kansa ya girmi duk abin da ke cikinsa in ban da 'yan kaɗan. Tun ƙarni na 15 yake tsaye, kuma ana danganta shi da Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon mulki a 1463 ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa har yau. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi na wani lokaci, daga baya aka mai da wani sashe nasa gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Na zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, tun daga labarin Dala da Bagauda har zuwa zamanin Fulani da yaƙin Basasa da zuwan Turawa, na tsaya a gaban tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga na daɗe ina kallonsa. A duk tsawon awa biyun da na yi, ban haɗu da mutum ɗaya da na sani daga unguwanninmu ba, alhali tarihin kakanninmu ne a jere a wurin.

Wannan ne ya sa na kai maganar ga ƙungiyar ci gaban unguwarmu, wadda aikinta a da bai wuce yashe kwata kafin damina da karo-karon gyaran taransufoma ba. Muka amince za mu shirya taro a ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya da ake yi tun 1977. Muka rubuta wa shugabannin gidan takarda, suka karɓe mu hannu biyu-biyu.

Taronmu na farko bai yi kyau ba, kuma laifin namu ne. Mun shirya shi kamar yadda muka saba ganin ana shirya taro: rumfa, kujerun roba, lasifika, babban baƙo, uban taro, da jerin masu jawabi. Muka kwaso yara daga makarantu uku muka zaunar da su tun ƙarfe goma na safe, a watan da kowa ya san irin zafin da Kano take yi. Babban baƙon bai iso ba sai da rana ta take, jawabai suka ci sauran lokacin, aka kira sallar azahar, malamai suka ce dole su mai da yara gida. Yawancin yaran nan sun koma ba su leƙa ko ɗaki ɗaya ba. Kuɗin da muka kashe a kan rumfa da kujeru da lemon manyan baƙi ya isa ya biya wa ninkinsu kuɗin shiga. Da muka zauna bitar abin da ya faru, wani dattijo a cikinmu ya ce mun kai doki bakin rafi mun ɗaure shi muna yi masa bayanin amfanin ruwa.

Hanyar da ta yi mana aiki ba mu muka tsara ta ba, tuntuɓe muka yi da ita. Bayan damina, wani ɗan kasuwa daga cikin masu taimaka mana ya ji muna maganar yadda ruwa yake cin ginin ƙasa, sai ya yi alkawarin buhunan siminti don a shafe wani bango na waje. Ni da kaina na kai albishir ɗin, ina jin na yi abin kai. Jami'in da ya saurare ni ya yi godiya, sannan ya bayyana mini a tsanake cewa ginin abin tarihi ne na ƙasa da doka ta kare, ba a taɓa jikinsa sai da izini, kuma ko an ba da izinin ba da siminti za a yi aikin ba. Ban gamsu ba, don haka na tafi wurin wani tsohon magini a unguwarmu wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, na roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, ina fatan zai goyi bayana.

Tsohon bai ce komai ba sai da ya ɗora tafin hannunsa a jikin bangon ya shafa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa yana saurare. Sannan ya juyo ya ce mini, "Ɗan nan, wa ya gaya maka ana haɗa siminti da ƙasa aure?" Na ce, "Baba, ai na ga ya fi ƙarko." Ya ce ƙarkon nasa ne matsalar. Ginin ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, in ka rufe shi da siminti sai laimar ta maƙale a ciki, tubalin ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana ɓawon simintin ya ɓalle gaba ɗaya ya zo da rabin bangon. Daga nan ya shiga nuna mana abin da muke kallo ba ma gani. Ya ɗaga kai ya nuna azara, ya ce daga giginya ake tsaga ta domin gara ba ta cika cin ta ba. Ya nuna yadda ake ɗaura bakan gizo don ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya yi bayanin makuba, wadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu ruwanta a yi yaɓe da shi. Da ya zo kan laso, wato yaɓen da ke hana ruwa shiga gini, sai ya ƙirga kayan haɗinsa da yatsu: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Wato bango ɗaya yana buƙatar marini da majemi da magini, kuma duk ukun akwai su a cikin ganuwa, tunda marinar Ƙofar Mata tana nan tana aiki.

Kafin ya gama, mutum kusan goma sun taru a kanmu, har da ma'aikatan gidan da wasu ɗalibai da suka zo ziyara, ɗayansu yana ɗaukar muryarsa a waya. A hanyarmu ta komawa tsohon ya ce mini tun da aka daina kiran su aikin manyan gidaje ba wanda ya tsaya ya saurare shi haka. A ranar na fahimci cewa mun yi ta neman kuɗi a hannun mutane, alhali abin da suke da shi a wadace, kuma suke marmarin bayarwa, sani ne. Ɗan kasuwar nan ma bai yi fushi ba, ya mai da kuɗin simintin kuɗin motar yara.

Daga nan muka sauya tsari. Muka daina rumfa da jawabi, muka koma ziyarar 'yan mutane kaɗan, kowace tafiya da dattijo ɗaya ko biyu daga unguwa, jami'in gidan ya ba da tarihin da ke rubuce, dattijon ya ƙara da abin da ya gani ko ya ji daga iyayensa. Kafin mu fara sai da muka je gaishe da mai unguwa, abin da muka tsallake a karon farko saboda gaggawa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mun zo neman albarka da shawara." Ya ce da mun zo tun farko da ya gaya mana kada mu tara yara da rana a watan Mayu. Sanarwar da ya sa aka yi a masallaci bayan magariba ta kawo mana mutane fiye da duk abin da muka wallafa a Facebook da WhatsApp.

Akwai wata damuwa da ba a faɗa mana kai tsaye ba, sai a gefe muka ji ta. Wasu iyaye suna ganin gidan tarihi wurin ajiye kayan tsafi ne, kuma ba sa son 'ya'yansu su je su ji labarin Barbushe da Tsumburbura. Ba mu yi gardama da kowa ba. Mun roƙi wani malamin zaure da ake jin maganarsa ya fara zuwa shi da almajiransa manya. Da ya dawo, shi da kansa ya riƙa gaya wa mutane cewa wanda bai san halin da gari yake ciki kafin zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji ba, ba zai san darajar Musuluncin da suka kawo ba, balle ya gane dalilin da ya sa Rumfa ya nemi shawarar Shehu Maghili a kan sha'anin mulki. Bayan wannan ba mu sake jin maganar ba.

Ziyarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta mata. Malamar Islamiyyar matan aure ce ta shirya ta, ta zaɓi safiyar Alhamis saboda ranar hutun karatu ce, ta kuma tabbatar kowacce ta fito da yardar gidanta. Mu maza biyu ne kawai muka raka su, muka tsaya daga baya. Sun bi ɗakunan farko a natse, suna saurare cikin ladabi, har aka kai ɗakin da aka shirya kamar ɗakin amaryar Hausa. Wata tsohuwa da jikarta take riƙe da hannunta ta tsaya a ƙofa ta yi salati, sannan ta ce, "Wannan ai ɗakina ne." Ta shiga lissafa yadda aka yi mata jere: tasoshi a ƙasa, kwalla a kansu, faya-faye a jikin bango, ƙoran da gwaggonta ta yi wata biyu tana tarawa. Ta faɗi abin da dangin uwa suke kawowa da abin da yake wuyan uba, da yadda matan unguwa suke zuwa ganin ɗaki su ƙirga da ido. Jikar, wadda ba ta wuce shekara goma sha shida ba, ta tambaye ta, "Iya, to ina naki suke yanzu?" Tsohuwar ta ce an sayar da su ɗaya bayan ɗaya, wasu a shekarar fari, wasu a bikin mahaifiyar yarinyar. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan sauran tsofaffin suka ɓarke da nasu labarin, har sai da jami'ar da ke yi musu jagora ta nemi takarda ta fara rubuta sunayen da ba ta taɓa ji ba.

Tun daga ranar muke ɗaukar muryar dattawa, amma sai mun nemi izini, kuma mun gaya musu inda maganar za ta je. Wasu sun yarda a ɗauki murya ban da hoto, mun kuma kiyaye. Kuɗin da ake tarawa ba shi da yawa, kuɗin shiga ne da na mota da ruwan sha, duk da haka ma'ajinmu yana karanta shigarsa da fitarsa a gaban mai unguwa bayan kowace tafiya, domin ƙungiyoyi da yawa a kan 'yan kuɗi kaɗan suka watse.

Kuskurenmu na ƙarshe ya zo ne daga zumuɗi. Ganin yadda abin ya karɓu, sai na yi sanarwa cewa duk mai tsohon kaya a gida ya kawo a kai gidan tarihi. Bayan kwana biyu wani mutum ya zo ƙofar gidana da takobi naɗe a cikin buhu, ya ce kakan mahaifinsa ne ya riƙe shi a yaƙin Basasa, rikicin da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa (magoya bayan Galadima Yusufu), wanda ya ƙare da hawan Aliyu Babba. Kuben fata ne da ya bushe ya tsattsage, ƙotar kuma an taɓa ɗaure ta da zare. Muka kai shi da murna. Ma'aikatan suka duba shi da kyau, sannan suka yi tambayoyin da ban taɓa tunaninsu ba: ta yaya ya zo hannunsa, akwai sauran magada, sun amince, kyauta ce ko aro. Mutumin ya yi shiru, domin bai shawarci kowa ba. Kafin mako ya zagayo labari ya kai ga yayyensa, aka yi ɓacin rai a gidan, babban wansu ya aiko mini da saƙo mai zafi cewa in fita daga harkar gadonsu. Na je har gida na ba shi haƙuri, kuma yana da gaskiya.

Yanzu ba ma cewa kowa ya kawo komai. In mun ji labarin wani tsohon abu, mu muke zuwa gidan, mu gaisa da babban gida, in ya yarda mu ɗauki hoton abin a inda yake, mu rubuta abin da iyalin suka sani a kansa, mu bar musu kwafi. Takobin nan ya koma ƙarƙashin gadon da ya fito. Bayan wata huɗu wan nasu ya aiko ɗansa ya kira ni, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zare takobin da hannunsa ya ce in ɗauki hoto. Sunan kakan nasu da ƙofar da aka ce ya tsare kuwa, ya ce sai ya tambayi wata gwaggonsu da ke zaune a Fagge, don ita ce ta fi kowa riƙe maganar. Mun sa ranar zuwa wurinta bayan Sallah.