Awa uku a kan tabarma da faifan shinkafa

Lokacin da aka sa mana darasin fasahar nuni da jiki a sashen zane-zane, na ɗauka wasan kwaikwayo ne aka sauya wa suna. Malamarmu ce ta warware mini bambancin: ɗan wasa rigar wani yake shiga, wuƙarsa ta roba ce, jininsa kuma jan launi, amma mai wannan fasaha da sunansa yake tsayawa gaban jama'a, kuma duk abin da ya faru a jikinsa yake faruwa.

Tarihin mun faro shi daga birnin Zurich na Suwizalan a 1916, inda wani marubucin waƙoƙi Bajamushe, Hugo Ball, ya fito cikin rigar kwali yana rera baitocin da ba na kowane harshe ba. Wannan bai taɓa ni sosai ba. Wanda ya hana ni barci shi ne aikin wata mai wannan fasaha, Marina Abramović, a birnin Napoli na Italiya a 1974, da ta jera abubuwa 72 a kan tebur, har da fure da almakashi da bindiga, ta tsaya awa shida ba motsi, ta bar 'yan kallo su yi da ita yadda suka ga dama. Sun yayyanka tufafinta, wani ma ya yanke ta a wuya.

Da aka zo gwaji, na shimfiɗa tabarma a farfajiyar sashen, na ɗauki alkawarin tsince tsakuwa daga shinkafa na awa uku ba tare da na ce uffan ba. Na karanta yadda wani mai wannan fasaha, Tehching Hsieh, ya shekara guda yana buga katin agogo, irin na ma'aikata mai nuna lokacin shiga aiki, kowace awa, har ina ganin nawa wasa ne, sai ga shi kafin awa ɗaya ƙafafuna sun yi tsami, wuyana ya ƙage.

Ana cikin haka wata dattijuwa mai shara ta jingine tsintsiyarta, ta ce, "Ɗan nan, ba haka ake tsinta ba." Ta karɓe faifan ta bakace shinkafar, ta miƙo mini. Raina ya ɓaci, don a ganina ta ɓata mini tsari, amma malamar ta ce wurin nan kaɗai aikin ya yi rai, tunda ɗan kallo ya sa hannu kamar a Napoli.

Wata masaniyar fannin, Peggy Phelan, ta rubuta a 1993 cewa wannan fasaha ba ta da rayuwa sai a lokacin da ake yin ta. Na yi musun haka a aji, har sai da na kalli bidiyon da abokina ya ɗauka a waya. Hannuwana sun fito, faifan ya fito, amma da dattijuwar ta matso sai ya kawar da wayar, yana zaton ba ta cikin shirin.