Yadda nake fama da darasin juyin halitta a ajin SS3

Duk malamin bayoloji da ya taɓa riƙe SS3 ya san darasin juyin halitta shi ne wanda aji ke kacamewa a kansa, kafin ka gama rubuta sunan Darwin a allo wani ya ɗaga hannu, "Malam, wai mu daga biri muka fito?" Wannan tambayar ita ta fi ƙara amma gaskiya ba ita ce ta fi ba ni wahala ba. Nakan ce musu su masana kimiyyar ma ba haka suka ce ba, abin da suke cewa mutum da birin cimfanzi kakansu ɗaya da ya rayu wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kamar kai da ɗan baffanka, ba shi ya haife ka ba. Kuma ina faɗa musu ƙarara ni ban zo in taɓa aƙidar kowa ba, wannan fagen malaman addini ne, amma WAEC da NECO za su tambaya, kuma ko za ka ƙi magana ai ya kamata ka san ainihin abin da aka ce tukuna.

Inda matsalar take shi ne yara sun ɗauka dabba ɗaya ce ke canza kanta don tana buƙata. Ka ba su labarin raƙumin dawa, kusan duk aji za su rubuta maka wai ya yi ta miƙa wuya ne don ya kai ga ganye har wuyan ya yi tsawo ya gadar wa 'ya'yansa. To wannan ra'ayin Lamarck ne fa, wani masanin Faransa da ya riga Darwin, ba wanda Darwin ya kawo a littafinsa na 1859 ba, kuma abin ya fi kwanta musu a rai don haka muke magana a gida ma.

Abin da ya fi yi min aiki shi ne klorokwin. Na tambaye su me ya sa aka daina ba da shi don zazzaɓin cizon sauro, suka ce "jiki ne ya saba da shi". Na ce a'a, ba jikin ba ne, kuma ƙwayar cutar ma ba zama ta yi ta koyi dabara ba. A cikin ɗimbin ƙwayoyin da ma akwai 'yan kaɗan da aka samu sauyi a ƙwayoyin gadonsu haka kawai ba da niyya ba, sai magani ya kashe sauran ya bar su, su kuma suka hayayyafa sauro ya kwashe su ya kai wa wasu mutane, a hankali suka zama su ne masu yawa. An fara ganin haka ƙarshen shekarun 1950 a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka, ya shigo gabashin Afirka a 1978, har Najeriya ta koma ACT, wato haɗin magungunan maleriya da ya maye gurbin klorokwin, a 2005. Wallahi a nan nake ganin fuskokinsu sun canza, don kowa a gidansu akwai wanda ya sha wannan maganin. Daga nan in na koma kan raƙumin dawa su da kansu suke gyara amsar, masu gajeren wuya ba su miƙe ba, masu dogon ne suka fi samun abinci suka fi barin zuri'a.

Sai ɗaya kuma, sun ɗauka wanda ya tsira shi ne mafi ƙarfi, kullum ana ci gaba ne zuwa mafi kyau. Nan nake kawo sikila, kuma ina taka-tsantsan sosai don kusan ko wane aji akwai mai ita ko mai ƙani da ke fama. Mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar gadon sikila ɗaya kawai, ya fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wani mai bincike Anthony Allison ya nuna haka tun 1954, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashen sauro irin namu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ita, alhali ita ɗin ce dai idan ta haɗu biyu take jawo wahalar da muka sani. A inda babu maleriya wannan kariyar ba ta da amfanin komai.

Yanzu in zan ba su aikin gida nakan sa sharaɗi, kar in ga "don yana so" ko "ya saba" a takardar kowa, kuma dole a faɗa min su waye suka mutu, su waye suka haihu. Makon da ya biyo baya sai in ba su sauro da maganin feshi su yi bayani da kansu.