Abin da littafin ƙa'idojin ma'aikata bai gaya mini ba a Jidda

Malamin Turancin da ya samu aiki a Saudiyya ta hannun kamfanonin da ke samar wa jami'o'i malaman shekarar share fage, takardu biyu ake miƙa masa a makonsa na farko: kwantaragi, da wani ɗan littafi na Turanci mai ɗauke da ƙa'idojin ma'aikata, wanda zai sa hannu a shafinsa na ƙarshe cewa ya karanta kuma ya amince. Akwai takarda ta uku, kundin dokokin aikin kamfani na Larabci, da ba a miƙa wa kowa a cikinmu ba, alhali ita ce take yanke hukunci ranar da aka samu saɓani, kuma ban san da zamanta ba sai a 2022, bayan ta riga ta ci mini albashi, ta kuma hana ni ƙarin da nake sa rai. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, domin na karanta ɗan littafin nan tun daga bango har bango, na kuma kiyaye duk abin da ke cikinsa.

Yawancin abin da ke cikin littafin ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa riƙe alli. A dangwala yatsa a na'ura da safe da kuma lokacin tashi, a zauna a ofis har sa'o'in aiki su cika ko da babu darasi, kada a ɗauki hoton ɗalibi, kada a karɓi kyauta daga hannunsa, kada a shiga zancen siyasa ko muhawarar addini a aji, kada a taɓa makin jarrabawa bayan an shigar da shi a kwamfuta. An kuma ja kunne da manyan haruffa a kan darasin gida na kuɗi, wanda haramcinsa ya wuce na kamfani, tunda dokar ƙwadago ta ƙasar ta hana baƙo yi wa wani aiki in ba wanda sunansa ke kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ba. Duk waɗannan ban taɓa samun matsala da su ba. A kan hutun rasuwa kuwa layi ɗaya tak aka rubuta, cewa ma'aikaci yana da kwana 5 da albashi idan makusancinsa ya rasu, sai aka ƙara da ƙananan haruffa cewa cikakken bayani yana cikin tsarin aikin kamfani.

Ana tsakiyar zangon karatu aka kira ni daga gida cewa Allah ya yi wa baffana rasuwa. Shi ne ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni a makarantar allo da ta boko, shi ya yi mini aure, kuma ni ne babba a cikin mazan da ya bari. Jana'iza kam na san ba zan same ta ba, domin kafin la'asar an kai shi makwancinsa, amma zaman makoki da tsayawa a kan lamarin iyalinsa ba abin da zan wakilta wani ba ne. Na je wurin mai kula da malaman sashenmu, wani Bature mai kirki, ya yi mini ta'aziyya, ya ce in tafi kawai, zai raba azuzuwana ga abokan aiki. Kafin yamma jami'in da ke bin takardunmu a ofisoshin gwamnati ya fitar mini da bizar fita da dawowa, na ga saƙonta a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, na sayi tikitin Kano. Duk wanda shugabansa ya ce masa ya tafi, kamfaninsa kuma ya buga masa biza a yini ɗaya, ba zai kawo a ransa cewa tafiyar tasa ba ta da izini ba. Ban dawo ba sai da aka yi kwana bakwai aka tashi zaman makoki, aka kuma zauna da iyayenmu mata a kan wanda zai ci gaba da riƙe ƙananan yaran.

A ƙarshen wata albashina ya shigo a gutsure. An cire kuɗin duk kwanakin da ban zo aiki ba, an ɗora tara a kai, sannan na tarar da takardar gargaɗi a imel ɗina cewa na yi fashin aiki ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Da na je ofishin kula da ma'aikata, jami'in ya yi wa mamacin addu'a da ladabi, sannan ya ce baffa ba ya cikin waɗanda ake ba da hutu dominsu, kuma mai kula da malamai ba shi da ikon ba da hutu ko na yini ɗaya, iyakar ikonsa shi ne tsara wanda zai shiga aji. Na nuna masa layin da ke cikin littafin, ya ce wannan taƙaitawa ce aka yi domin baƙi, ba da shi suke aiki ba.

Wanda ya fahimtar da ni shi ne jami'in nan da ya buga mini bizar, dattijo ɗan ƙasar, haifaffen Makka, wanda kakanninsa Hausawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna, kuma Hausarsa ba ta tsufa ba. Ya ja ni gefe ya ce, “Malam, biza aikina ce, amma hutu ba aikina ba ne, kuma ba aikin Baturen nan ba ne. Ka ce su ba ka la'iha.” Na ce, “Baba, wace la'iha kuma?” Ya ce kundin Larabci da ma'aikatar ƙwadago ta amince wa kamfanin, wanda ya kamata a ce yana manne a inda kowa zai gani.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya tsara kundin dokokin aiki bisa samfurin da Ma'aikatar Albarkatun Ɗan'adam da Cigaban Al'umma, wato ma'aikatar ƙwadagon, ta fitar, ya kuma sanar da shi ga ma'aikatansa. Sashe na 9 na dokar ya ce Larabci ne harshen kwantaragi da takardun aiki da umarnin da ake ba ma'aikata, kuma idan an haɗa shi da wani harshe, nassin Larabcin ne abin dogaro. Sashe na 113 kuwa ya fayyace waɗanda ake ba da kwana 5 dominsu: miji ko mata, iyaye da kakanni, 'ya'ya da jikoki. A wancan lokacin yaya da ƙane ma ba sa ciki. Sai a gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025 aka ƙara kwana 3 na rasuwar ɗan'uwa ko 'yar'uwa, baffa kuwa har yanzu yana waje, haka kawu da gwaggo da inna, haka kishiyar uwar da ta goya mutum. Ban ce dokar ta yi zalunci ba, domin dole a ja layi a wani wuri. Abin da nake cewa shi ne, ga Bahaushe wannan layin yana ratsawa ta tsakiyar gidansa, kuma ya cancanci a gaya masa inda ya bi tun kafin mutuwa ta zo, ba bayan ya dawo daga makoki ba.

Da ƙyar na samu kundin, bayan na nema a rubuce, kuma a nan ne Larabcin Islamiyya da na zauren malamai ya yi mini rana, ko da yake harshen doka yana da nasa nauyin, sai da na haɗa da ƙamus da taimakon wani abokin aiki ɗan Sudan. A bayansa akwai jadawalin laifuka da hukuncinsu, wanda babu ko alamarsa a littafin Turanci. Kowane laifi yana da matakai huɗu, daga karo na farko zuwa na huɗu. Makarar da ba ta wuce minti 15 ba, alal misali, gargaɗi ne a rubuce a karon farko, sannan cire kashi 5 cikin ɗari na albashin yini, sannan kashi 10, sannan kashi 20, kuma hukuncin yana ƙara nauyi idan makarar ta tsayar da aikin wasu, wanda a wurin malami kusan kullum haka ne, tunda aji guda ne ke zaune yana jira. Akwai abokan aikina Turawa da suka shekara suna ganin an rage musu 'yan riyal a wata ba su san dalili ba. Fashin aiki shi ma yana da nasa matakan gwargwadon yawan kwanaki, kuma da na daɗe fiye da haka da na shiga haɗarin sashe na 80, wanda ya ba kamfani damar sallamar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da 30 a warwatse cikin shekara, ba tare da kuɗin sallama ba, muddin an yi masa gargaɗi a rubuce tukuna. Ranar da na karanta wannan sashen jikina ya yi sanyi, domin iyayenmu mata sun so in ƙara mako guda, kuma na kusa amincewa.

Kundin da ya kama ni shi ne kuma ya ba ni abin kare kaina. Sashe na 71 ya hana a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi laifinsa a rubuce, an tambaye shi, an saurari kariyarsa, an kuma rubuta hakan an ajiye a fayil ɗinsa, sai dai a ƙananan laifukan da hukuncinsu bai wuce gargaɗi ko albashin yini ɗaya ba ana iya yin tambayar da baki. Ni babu wanda ya kira ni balle ya tambaye ni. Na rubuta ƙorafi da Larabci da Turanci, na kafa hujja da wannan sashen, na haɗa da takardar shaidar rasuwa da saƙon WhatsApp ɗin da mai kula da malamai ya turo mini yana cewa in sauka lafiya, azuzuwana suna hannu. Na kuma nuna cewa in ba a daidaita a cikin gida ba zan kai maganar ofishin sasanci na ma'aikatar ƙwadago, wanda shi ne matakin da ake bi kafin kotun ƙwadago. Ba a kai ga haka ba. Aka soke tarar, aka cire takardar gargaɗin, aka mai da kwanakin hutu marar albashi, wanda sashe na 116 ya halatta idan mai ɗaukar ma'aikata ya yarda. Wato da imel guda aka tura wa ofishin da ya dace kafin jirgina ya tashi, da abin da zan rasa bai wuce kuɗin kwanakin ba, kuma da zan rasa shi da sanina.

Abin da bai dawo ba shi ne makin halarta a takardar auna ƙwazo ta shekara, wadda aka riga aka rufe kafin a gama duba ƙorafina. Da wannan makin ake yanke wanda za a yi wa ƙarin albashi a sabon kwantaragi, kuma doka ba ta tilasta wa kamfani yin ƙari ba, saboda haka babu sashen da zan kafa hujja da shi. Asarar ba ta tsaya a wannan shekarar ba, domin kuɗin sallama ana lissafa shi ne bisa albashin ƙarshe, rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata ga kowace shekara bayan nan. Ƙarin da aka hana ni ya bi ni har ranar da na karɓi haƙƙina na ƙarshe.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni shawara daga gida, ba na ɓata lokaci a kan satifiket ɗin koyar da Turanci na CELTA ko yadda ake amsa tambayoyin ɗaukar aiki, waɗannan ya riga ya sani. Ina ce masa ya nemi la'ihar Larabci a makonsa na farko, a rubuce, ya kuma gwada ta da kwantaraginsa da ke kan Qiwa, dandalin ma'aikatar ƙwadago na intanet, in bai iya Larabci ba ya samu wanda ya iya su zauna su bi jadawalin hukunci layi-layi. Ya tambaya tun ana zaman lafiya sa hannun wa ne yake zama izinin hutu, domin a irin wannan aikin shugabanni biyu gare ka, na jami'a da yake ganinka kullum, da na kamfani da yake biyanka, kuma na farkon yakan yi alkawari da zuciya ɗaya a kan abin da ba hurumin sa ba. Kada ya ɗauki fitowar biza a matsayin amincewa da hutu, ko kamfani ne ya buga masa ita, ko shi ya nema da kansa ta Absher kamar yadda sauye-sauyen Maris 2021 suka ba da dama. Mai niyyar sauke farali shi ma ya duba sashe na 114 kafin ya yi wa mutanen gida albishir, domin hutun hajji mai albashi, na kwana 10 zuwa 15, sau ɗaya ake ba da shi, sai bayan shekara 2 a jere a wurin aikin, kuma kamfani yana da ikon ƙayyade yawan waɗanda za su tafi a kowace shekara. Wanda kuma ya san wanda ya raine shi ba ya cikin jerin sashe na 113, kuma ya san dattijon ya manyanta, to ya yi maganar hutu marar albashi da ofishin ma'aikata tun yanzu, ya san fom ɗin da ake cikewa da wanda ake tura wa, domin ranar da waya ta zo ba ranar bincike ba ce.

Kafin in bar aikin na rubuta wa shugabannin kamfanin ina roƙon a fassara jadawalin hukunci a saka shi cikin littafin Turanci, a kuma rubuta sunayen dangin da hutun rasuwa ya shafa ɗaya bayan ɗaya, har na ce ni da abokina ɗan Sudan za mu yi fassarar ba tare da an biya mu ba. Aka amsa da godiya, aka ce za a duba. Sababbin malaman da suka iso a zangon da na yi sallama, cikinsu har da matasa biyu daga arewacin Nijeriya, littafin nan dai aka miƙa musu, da layinsa guda a kan rasuwa, suka kuma sa hannu a shafin ƙarshe. Ni na buga musu kwafin la'ihar da kuɗina, muka zauna bayan isha'i muka bi ta.